Shekarar da Na Koyi Kallon Babba a Ido

Habibu da Nana, na san abin da kuka taso kuna ji a kaina. Wasu sun gaya muku ubanku ya taɓa tuƙa jirgin yaƙi a Amurka. Wasu kuma sun ce ya yi watsi da shagon da kawunsa ya miƙa masa, ya tafi wasa da tsofaffin Turawa, ya bar ku a Maraɗi kuna jira. Na farkon ba gaskiya ba ne, ban taɓa tuƙa jirgi ba. Na biyun akwai gaskiya a cikinsa, sai dai ba a ba ku shi da tsari ba. Yanzu da furfura ta fara cin gemuna, ina so ku ji shi daga bakina, kuma ina so ku sani tun daga farko cewa ban yi da-na-sani ba.

A farkon shekarun dubu biyu da goma ina zaune a Bronx, cikin birnin New York, a gidan Kawu Isuhu, yayan mahaifiyata, wanda ya kawo ni ƙasar. Ya fara ne da ɗan teburi a Canal Street, yana sayar da agogo da tabarau cikin sanyi, har Allah Ya ba shi shagon tufafi da takalma a kusa da Fordham Road. Mutum ne mai ƙaton murya, ko gaisuwa yake yi sai ka ce faɗa ne. Matarsa, Tanti Rabi, ita ce mai kashe wutar da ya kunna. Ni kuwa kun san ni. A lakwal ma, wato makaranta, ba a jin muryata sai an kira sunana, kuma na fi sakewa da littafi a kan mutum. Ranakun aiki ina makarantar koyon gyaran jiragen sama a Queens, na girmi yawancin 'yan ajinmu, ina zama a kujerar baya. Asabar da Lahadi ina shago, ranakun da kasuwa ta fi ci. Shirin Kawu shi ne ya buɗe shago na biyu ya damƙa mini, in kama ɗaki nawa, a fara takardun kawo ku da mahaifiyarku. Makarantar, a wurinsa, abin rage lokaci ce kafin shagon ya samu.

Wata ranar Asabar a farkon bazara malaminmu ya kwashe mu zuwa wani ƙaramin filin jirgi a Long Island. Akwai wasu tsofaffi huɗu a can masu jiragen zamanin yaƙin duniya na biyu, irin waɗanda aka koya wa sojoji tuƙi da su, masu farfela ɗaya a hanci da inji zagayayye kamar faifai. Suna zuwa bukukuwan nuna jirage su yi wasa a sama tare. Abin da na fara gani ba jirgi ba ne. Tsofaffin ne a kan kwalta, sun jeru kafaɗa kusa da kafaɗa, ɗaya a gaba, biyu a gefensa, ɗaya a baya, suna tafiya a hankali ba mai cewa uffan. Na gaban ya karkata, duk su karkata. Ya ɗaga tafin hannu ya kifa, duk su kifa nasu. Na ɗauka wata ibada ce tasu. Malamin ya ce wasan da za su yi a sama ne suke takawa a ƙasa, ba sa tashi sai sun taka shi. Da suka tashi, suka dawo ta kanmu a dunƙule, fiffike yana neman taɓa fiffike, suka miƙe sama suka kifa da baya suka zubo kamar an ɗinke su da zare ɗaya, sai na ji ƙarar injin a haƙarƙarina. Ina tsaye baki buɗe har wani ɗan ajinmu ya taɓa ni. A ranar aka ce suna neman ɗalibai masu taimako na kakar wasan, Asabar da Lahadi, ba albashi. Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, na ɗaga.

Ban iya gaya wa Kawu da bakina ba. Tanti na gaya wa, ita ta kai masa. Washegari da safe muna shan shayi ya ajiye kofinsa.

"Laminu, an ce ka samu aiki."

"Ba aiki ba ne sosai, Kawu. Koyo ne."

"Mi za ka riƙa yi musu?"

"Goge mai, duba taya, cire waigin da ke tare taya idan za su tashi."

"Waigi! Rabi, kin ji? Na ɗauko shi daga Maraɗi, na biya mishi jirgi, ya zo New York ya zama karen mota. A'a, karen jirgi!"

"Alhaji, ka bar yaro ya sha shayinsa."

"Wane yaro? Mai ɗiya biyu? Ka ji ni da kyau. Weekend shi ne store, Asabar da Lahadi su ne shago. In ka tahi wurin tsohhinka, shagon nan na biyu ba ya jiran ka. Ka zaɓa."

Na dubi tabarma na ce na ji. Asabar ta gaba da asuba na hau jirgin ƙasa na nufi Long Island. Wannan ce amsar da na ba shi, kuma ya fahimta.

Shugabar makanikan wata mata ce mai suna Rita, gajera, hannunta kullum baƙi da mai. Ita ta koya mini cewa irin wannan inji, idan ya kwana, baƙin mai yakan taru a silindojin ƙasa, don haka sai an juya farfela da hannu kafin a tayar, ana sauraron ko za ta cije. Ta koya mini inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa ko da wasa. Aikin ya dace da ni. Ba ya son surutu, yana son wanda zai duba abu ya sake dubawa ba tare da ya gaji ba. Bayan 'yan makonni ta ce daga yau ni ne mai tsayawa gaban jirgin Mista Walt idan zai tashi. Mista Walt shi ne jagoran huɗun, dogo, ya haura saba'in, tsohon soja, ba ya dariya sai da dalili. Aikin mai tsayawa gaba shi ne ya tabbatar ba kowa kusa da farfela, ya ba da alamar a tayar da inji, ya duba ko wuta ko mai na fita, ya janye waigi daga tayoyi idan matuƙi ya nema, sannan ya ɗaga babban yatsa. Na haddace alamun duka tun a cikin jirgin ƙasa.

Ranar farko na tsaya inda ya kamata. Na ba da alama, injin ya yi tari ya kama, hayaƙi ya turnuƙe ya wuce. Sauran ukun ma suka tayar. Mista Walt ya nemi a cire waigi, na zagaya ta bayan fiffike na janye, na dawo wurina na ɗaga yatsa. Komai daidai. Amma idona yana ƙasa, wajen tayar hagu, domin mutumin ya kai sa'an kakana, kuma tun ina ƙarami ban taɓa tsayar da ido a fuskar babba ba. Ban ma san ina yi ba. Sai na ji injin ya mutu. Sauran ukun, ganin jagora ya kashe, su ma suka kashe. Filin ya yi tsit. Tsohon ya sauko da ƙyar, ya zagayo, ya durƙusa a gaban tayar hagu da gwiwoyinsa masu ciwo, ya shafa ta, ya leƙa birki, ya daɗe a wurin. Sannan ya ɗago.

"Me ke damun tayar nan?"

"Babu komai, yallaɓai."

"To me kake kallo a jikinta?"

"Ba na kallon komai."

"Ka ɗaga mini yatsa cewa lafiya, idonka kuma yana kan tayata. Wanne zan yarda da shi?"

Ya sa Rita ta ɗaga jirgin ta cire tayar ta duba. Kafin a gama hadari ya taso daga teku, atisayen ranar ya rushe. Mutum huɗu sun zo daga nesa, sun koma ba su tashi ba, saboda ni. Da yamma Rita ta same ni ina goge sifanu, ta ce Mista Walt ya ce a ba shi wani. Na tattara duk Turancin da nake da shi na bayyana mata cewa a wurinmu wanda ya zuba wa babba ido marar kunya ne, sunkuyar da kai girmamawa ce. Ta ja ni har gabansa ta ce in maimaita. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

"Na gane, kuma abu ne mai kyau," in ji shi. "Amma ka ji nawa. A sama, mutum ukun nan ba sa kallon ƙasa, ba sa kallon agogon jirginsu. Ni kaɗai suke kallo. Idan na nufi ƙasa, za su bi ni har ƙasa. A nan kuma hancin jirgin ya tare ni, ba na ganin gabana, ba na ganin tayoyina. Kai nake kallo. Yatsa kowa yana iya ɗagawa. A ido nake gane ko mutum ya tabbata ko yana fata ne kawai. Ba zan ɗauki ran mutum uku in tashi a kan saman kanka ba."

Rita ta roƙa mini. Aka yanke cewa zan ci gaba da tsayawa, amma ita za ta tsaya a bayana, ita zai kalla. Babban bikin ƙarshen watan Mayu shi ne iyaka. Idan har ranar bai iya dogara da idona ba, zan bar gaban jirgi, kuma na san abin da hakan yake nufi: in koma Fordham Road ba shago ba jirgi, in ji sunan karen jirgi har ƙarshen rayuwata.

Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Ku da kuka girma a nan kuna kallon malamanku a ido ba za ku gane ba. Wuyana da kansa yake sunkuyawa. Asabar bayan Asabar ina ɗaga kai, in kai ga haɓarsa, in kai ga hancinsa, sai idona ya zame kamar an shafa mai, in ga nasa idon ya tsallake ni ya tafi kan Rita. Na gwada a jirgin ƙasa da tsofaffin da ban sani ba, wata tsohuwa ta tashi ta canza kujera. Na gwada da Tanti a kicin, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce na yi kama da akuyar da ta ga wuƙa. Sai wata Juma'a bayan mun dawo masallaci, muna cin shinkafa, na ce bari in gwada da wanda ya fi kowa wuya. Kawu yana magana a kan kuɗin haya, na ɗago na zuba masa ido. Ya tsaya da loma a hannu.

"Kai! Lahiya? Ni kake zare ma ido?"

"A'a, Kawu."

"Rabi, kin gani? Wata biyu da Turawa, ya fara kallona kamar ɗan sanda!"

Tanti ta ba shi labarin duka, har da tayar da aka cire. Na jira tsawa. Sai ya cinye lomarsa, ya wanke hannu. Abin da ya faɗa bayan nan ban taɓa jin sa ba, kuma ina jin ko mahaifiyata ba ta cika tuna shi ba.

"Tsohon nan yana da gaskiya. Kafin a haihe ka na yi shekaru ina bin wata babbar mota tsakanin Maraɗi da Kano. Ni ne mai waigi. Maigidana Bawa, ko takalminsa ba na iya kallo in muna cin abinci. Amma in mota ta tsaya bisa tudu da kaya, ya leƙo ta madubi, ido cikin ido nike kallon shi. In na sunkuya, ya san mi? Ya saki birki mota ta koma da baya ta kashe mutane? Wannan ba rashin kunya ba ne, aiki ne. Taso nan. Dube ni."

"Kawu..."

"Na ce dube ni, karen jirgi! Ba hancina ba. Nan."

Haka muka yi ta yi kowace safiya kafin ya tafi shago. Ya zauna a kujerarsa ya riƙe faranti kamar sitiyari, ni ina tsaye bakin ƙofa, Tanti tana leƙowa daga kicin tana cewa gidan nan ya zama gidan mahaukata. Wani lokaci ni nake fara kau da kai, wani lokaci shi, domin shi ma abin yana masa nauyi, ɗan ƙanwarsa ne. Amma kada ku ɗauka ya sauko daga maganarsa. A cikin makonnin nan ne ya buɗe shagon na biyu ya damƙa wa ɗan wani abokinsa, kuma bai ɓoye mini ba. Wannan shi ne abin da zaɓina ya ci. Da na karɓi shagon, da kun zo da wuri. Sai da na gama makaranta, na samu aikin gyaran jirage a filin jirgin sama na JFK, sannan na iya kawo ku. Nana, ranar da kuka sauka kin ɓuya a bayan zanen mahaifiyarki, kina tambayarta wane ne wannan. Mahaifiyarku ta ɗauki shekarun nan ita kaɗai, ba ta taɓa yi mini gori ba. Ku riƙe mata wannan.

Ranar bikin rana ta fito tas. Jama'a sun cika bayan igiya, da kujerunsu da lemominsu da yara a kafaɗa, lasifika tana ta surutu. Na juya farfela da hannuna, na duba mai, na duba tayoyin, na goge gilashi. Tsofaffin suka taka wasansu a kan kwalta, shiru, kamar ba kowa a filin sai su. Sannan kowa ya hau nasa. Na tsaya a wurina, ina jin numfashin Rita a bayana. Na ba da alama, injin ya kama. Na janye waigi na dawo. Na ce a raina faranti ne a hannun Mista Walt, irin na Kawu, na ɗaga kai.

Ban taɓa sanin launin idonsa ba sai ranar. Fari-fari ne kamar ruwa a kwano, gefensa ja, irin na wanda ya daɗe yana kallon rana. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu iko a cikinsa, babu tsawa. Tambaya ce kawai. Tsoho ne da zai ja abokansa uku su kifa da kai a sama, yana tambayata ko lafiya. Ni kuwa na san amsar, domin da hannuna na taɓa kowane abu a jikin jirgin nan. Da na gane haka sai wuyana ya daina ja. Na riƙe idonsa, na ɗaga yatsa. Ya daɗe yana kallona, farfela tana kaɗa mini riga. Sai ya fito da hannunsa na hagu, ba tare da ya kau da ido daga kaina ba, ya yi wa Rita alamar ta matsa. Na ji takunta tana ja da baya. Ya sara mini irin ta soja, ya saki birki.

Na ga wasan nan sau da yawa kafin ranar da bayanta, amma na ranar daban yake. Suka zo ƙasa-ƙasa daga hagu, farin hayaƙi yana bin su layi huɗu, rana tana walƙiya a fukafukansu. Suka haura tare har suka yi ƙanana, suka tsaya a kife kamar an rataye su, suka sulalo injin yana kuka, jama'a suka saki ihu. Suka mirgina gaba ɗayansu kamar hannu ɗaya ne ya juya su. A ƙarshe suka nufo mu kai tsaye, suka fashe, kowa ya yi nasa gefen, hayaƙin ya buɗe kamar reshen dabino. Wani yaro a bayan igiya yana tsalle yana nuna na gaban. Na so in juya in ce masa ni na sallame shi. Ban ce ba, kun san ni, amma ban taɓa jin tsayina kamar na ranar ba. Da suka sauka na sa waigi, Mista Walt ya zuge gilashi, ya cire hular kunnensa, gumi ya jiƙe masa kai.

"Gobe ma kai ne," ya ce. "Rita tana da wani aikin."

Na yi kaka uku ina tsayawa gaban jirginsa, har ya ajiye tuƙi don kansa. Amma a ranar, da na samu wuri a bayan rumfar jirage na yi la'asar, sai na kira shago. Ina jin hayaniyar Fordham Road ta cikin wayar, wata mata tana neman ragi a kan takalmi.

"Kawu, ni ne."

"Na sani. Madam, wait, wait. Ya tashi?"

"Ya tashi."

"Ya sauka?"

"Ya sauka lafiya, su duka."

"Ka dube shi?"

"Na dube shi, Kawu. Ya kori matar daga bayana."

Sai na ji ya juya yana gaya wa wani a shagon, da muryar nan tasa da ake ji har tsallaken titi, cewa ɗansa ne a waya, wanda jiragen yaƙi ba sa tashi sai ya ba su izini. Sannan ya dawo kaina.

"To, madalla. Rabi ta yi tuwo. Amma ka ji, Laminu, in za ka shigo gidana, ka bar idon nan can wurin jirgi."